HURUMIN SUNA A HARSUNAN KWAMFUTA: MAZUBIN GARI DA MAZUBIN GIDA

1.0 GABATARWA

Manazarcin Hausa na wannan zamani da wuya ya rabu da kwamfuta. Wanda yake son ƙidaya kalmomin aro a cikin wani littafi, ko tattara kalmomi masu ƙarewa da wani ɗafi, ko jera baitocin waƙa bisa ga amsa-amonsu, yakan tarar cewa aikin da zai cinye masa wata guda da hannu, 'yan layukan umarni kaɗan sun isa su gama shi ƙiftawa da Bisimilla. Amma fa waɗannan 'yan layuka suna da wani tarko wanda ya fi kowane kama sabon shiga, watau batun inda suna yake da iko da kuma inda ikonsa ya ƙare. Munin wannan tarko shi ne, sau da yawa kwamfuta ba ta yin ƙorafi idan an faɗa cikinsa. Sai ta ba da amsa mai kama da gaskiya, mai nazari ya ɗauka ya sa a kundinsa, alhali kuwa amsar gurguwa ce.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda harsunan umarni suke raba sunaye zuwa na gari da na gida, da abin da ke faruwa idan aka zo zuba abu a cikin jeri na gari daga cikin wani sashe na rubutun. An ɗauko misalai daga tsarin layin motoci irin na tashar Kawo a Kaduna, domin tsari ne da kowa ya sani, sa'an nan aka kwatanta da yadda harshen Hausa kansa yake sarrafa sunaye.

2.0 KALMOMIN DA ZA A YI AMFANI DA SU

Harshen umarni shi ne harshen kwamfuta wanda ake rubuta umarni da shi a miƙa wa wata manhaja mai aikin tafinta, ita kuwa ta aiwatar nan take. Daga cikinsu akwai Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, da Bash na 1989, da Python na Guido van Rossum a 1991, da Lua wanda aka ƙirƙira a Brazil a 1993, sai PHP da JavaScript waɗanda suka fito a 1995.

Mazubi shi ne suna da aka ba wani abu da kwamfuta take riƙe da shi, lamba ce ko kalma ko waninsu. Zubi kuwa shi ne haɗa suna da abin da zai riƙe, kuma galibi da alamar daidai ake yin sa. Jeri shi ne mazubi mai gurabe da yawa a jere, kowane gurbi da lambarsa. A Python da PHP da JavaScript ana fara ƙidayar gurabe daga sifiri, a Lua kuwa daga ɗaya. Ɗan aike shi ne wani gungun umarni da aka ba suna, wanda ake kira a ba shi saƙo, ya je ya yi aiki, ya dawo da amsa.

Kalma ta ƙarshe ita ce hurumi. A Hausa hurumi fili ne da aka keɓe aka yi masa iyaka, haka kuma akan ce kotu kaza ba ta da hurumin sauraron shari'a kaza. A nan, hurumin mazubi shi ne yankin rubutun da sunansa yake da ma'ana a ciki. Mazubin da kowane sashe na rubutun zai iya kaiwa gare shi, shi ne mazubin gari. Wanda aka haifa a cikin ɗan aike, ba a san shi a waje ba, shi ne mazubin gida.

3.0 HURUMIN SUNA A HARSHEN HAUSA

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kusan kowane gida yana da Autansa, gidan da aka haifi tagwaye kuwa aka sake haihuwa yana da Gambonsa. Idan uwa ta ce a kira mata Auta, babu wanda zai fita unguwa yana tambayar wane Auta, domin sunan yana da ma'ana guda a cikin gidan. Da zarar an fita ƙofar zaure, sunan ya rasa wannan ƙarfi, sai an ƙara masa bayani an ce Autan gidan wane.

Haka kalmar Sarki take. Idan aka ce Sarki ya fito a cikin birnin Zariya, Sarkin Zazzau ake nufi. Amma a cikin tashar mota, idan ɗan kamasho ya ce wa direba ya je sarki yana nemansa, mai yiwuwa sarkin tasha yake nufi. Sarkin Zazzau yana nan bai gushe ba, illa dai sunan na kusa ya tare na nesa muddin ana cikin tashar.

Daga nan za a iya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, mai sauraro yakan fara neman mai suna a wuri mafi kusa. Ta biyu, idan bai same shi a nan ba sai ya faɗaɗa nema zuwa waje. Ta uku, sunan gida ba ya bin mutum zuwa gari. Waɗannan su ne ainihin ƙa'idojin da mafi yawan harsunan kwamfuta suke bi. Python, alal misali, yana neman suna a matakai huɗu: cikin ɗan aiken da ake ciki, sa'an nan cikin ɗan aiken da ya kewaye shi idan akwai, sa'an nan a garin, watau fayil ɗin da aka yi rubutun a ciki, daga ƙarshe kuma a cikin sunayen da harshen ya zo da su tun asali. Ba abin mamaki ba ne a sami wannan kama tsakanin harshen mutum da na na'ura, domin Larry Wall kansa ilimin harsuna ya karanta a jami'a.

4.0 ALLON TASHA DA TAKARDAR ALJIHU

Kawo unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kuma ita ce ƙofar da mai fitowa daga Kano ko Zariya yake shiga birnin Kaduna ta cikinta, inda sabuwar gadar sama da aka buɗe a watan Janairu na 2022 take tarbar baƙo. Tasharta tana daga cikin manyan tashoshin birnin, ana lodin motocin Zariya da Kano da Katsina da sauran garuruwan Arewa. Ginshiƙin zaman lafiya a irin wannan tasha shi ne layi. Direba ya iso, a rubuta shi, ya jira har motar da ke gabansa ta cika ta tashi, sa'an nan ya shiga lodi. Duk ranar da layi ya rikice, ranar akwai rigima, domin abincin mutane ne a ciki.

A ɗauka cewa an kafa allo guda a bangon ofis, wanda kowa yake gani, ana rubuta layin motoci a kai. Wannan allo shi ne jeri na gari. Kowane ɗan kamasho kuma yana da 'yar takarda a aljihu wadda yake lissafinsa a kai, ya yar idan ya gama. Wannan ita ce mazubin gida. A ɗauka kuma an so a mayar da allon cikin kwamfuta da harshen Python.

Misali na 1:

    layi = []

    def shigar(mota):
        layi.append(mota)

Layin farko ya kafa jeri na gari wanda babu kome a ciki. Ɗan aike mai suna shigar yana karɓar mota ya ƙara ta a ƙarshen jerin. Wannan yana aiki daidai. Ɗan aiken ya nemi suna layi a gidansa bai samu ba, ya fita gari ya same shi, ya yi rubutu a kan allon.

To, da gari ya waye ana bukatar a share allon a fara sabon layi. Sai mai rubutu ya ƙara wannan:

Misali na 2:

    def sabon_layi():
        layi = []

A ido babu laifi, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Amma allon bango ba zai goge ba. Dalili shi ne, kafin Python ya aiwatar da ɗan aike yakan duba jikinsa gaba ɗaya, kuma duk sunan da ya gani an yi masa zubi da alamar daidai a ciki, sai ya ɗauke shi ɗan gida. Saboda haka abin da ya faru a misali na biyu shi ne, ɗan kamasho ya zaro sabuwar takarda daga aljihu, ya rubuta mata layi a ka, ya bar ta fara fat, sa'an nan ya yar. Motocin jiya suna nan a kan allo, kuma su ne a gaba. Direban da ya yi asubanci ya iso farko sai ya tarar da kansa a bayan motocin da tun jiya suka isa Kano.

A nan ne gundarin maganar yake. Akwai bambanci tsakanin taɓa abin da ke cikin jeri da kuma ɗaura sunan jerin a kan wani abu dabam. Misali na farko ya je wurin allon ya yi rubutu. Misali na biyu raɗin suna ya yi, kuma a Python raɗin sunan da aka yi a gida, ɗan gida yake haifarwa. Gyaran iri biyu ne. Ko dai a sanar tun farko cewa na gari ake nufi:

Misali na 3:

    def sabon_layi():
        global layi
        layi = []

ko kuma a bar sunan yadda yake a goge allon kansa, ta hanyar rubuta layi.clear() a madadin zubin.

Wannan ƙa'ida tana da wata fuska. A ɗauka akwai mazubin gari mai suna jimla, inda ake tara kuɗin da aka karɓa.

Misali na 4:

    jimla = 0

    def karɓa(kuɗi):
        jimla = jimla + kuɗi

Tun da an yi wa jimla zubi a cikin ɗan aiken, Python ya ɗauke shi ɗan gida daga farkon ɗan aiken har ƙarshensa. Da aka zo karanta shi a hannun dama na alamar daidai, sai aka tarar ba a taɓa zuba masa kome ba, saboda haka aikin yakan tsaya da saƙon kuskure mai suna UnboundLocalError. Wannan kuskure mai alheri ne, domin yana ihu a ji shi. Na misali na biyu shi ne mugu, domin shiru yake yi. Mai karatu zai lura kuma cewa an rubuta karɓa da kuɗi da baƙaƙensu masu ƙugiya. Wannan ya halatta tun daga Python 3 wanda ya fito a 2008.

5.0 SUNA BIYU, JERI ƊAYA

Akwai wata rikitarwa da ta keɓanta ga jeri. A ɗauka magatakardan tasha yana son ajiye layin jiya kafin a share allo, sai ya rubuta:

Misali na 5:

    na_jiya = layi
    layi.clear()

Idan ya duba na_jiya zai tarar babu kome a ciki. A Python, haka ma a JavaScript da Lua, zubin jeri daga wani suna zuwa wani ba ya kwafar jerin. Laƙabi kurum yake ƙara masa. Yaron da aka raɗa wa Audu, ake kuma kiransa Ɗanjuma saboda ranar haihuwarsa, mutum ɗaya ne, idan wanzami ya aske Audu to Ɗanjuma ma ya sha aski. Wanda yake son kwafi na gaskiya sai ya nema a fili, ya rubuta layi.copy() a hannun dama.

Daga nan mai lura zai ga cewa gyare-gyaren nan biyu da aka kawo a sama ba tagwaye ba ne. Misali na uku ya kafa sabon allo ne ya mayar da sunan kansa, tsohon allon yana nan a hannun duk wanda ya riƙe shi da wani suna. Shi kuwa clear tsohon allon ya goge, kuma duk mai riƙe da shi ya yi hasara. Wanda za a zaɓa ya danganta ga abin da ake nufi.

Irin wannan ne yake faruwa idan aka so kafa layuka uku, na Kano da na Katsina da na Zariya, aka nemi gajeriyar hanya:

Misali na 6:

    layuka = [[]] * 3

Mai rubutu yana zaton alluna uku ya kafa. A haƙiƙa allo ɗaya ne aka nuna sau uku. Motar da aka sa a layin Kano za ta bayyana a na Katsina da na Zariya, fasinjan Zariya kuwa ya shiga motar da ba za ta sauke shi inda ya nufa ba.

6.0 KOWANE TSUNTSU KUKAN GIDANSU YAKE YI

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne harsunan ba su yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda ba, har ma wanda ya ƙware a ɗaya yakan yi tuntuɓe a wani.

PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fara kuma aka gina ɗimbin shafukan intanet da shi, ya fi Python tsanani. A cikinsa ɗan aike ba ya ko ganin mazubin gari sai an gabatar masa da shi.

Misali na 7:

    $layi = array();

    function shigar($mota) {
        $layi[] = $mota;
    }

Wannan shi ne takwaran misali na farko, amma a nan ba ya aiki. Duk lokacin da aka kira shigar sai ya buɗe sabon jeri na gida, ya sa mota guda a ciki, ya watsar. Allon gari zai wuni babu ko mota ɗaya, kuma babu saƙon kuskure. Sai an rubuta global $layi a farkon ɗan aiken, ko a bi ta wani babban jeri mai suna $GLOBALS wanda harshen ya tanada. Har wa yau, a PHP zubin jeri daga suna zuwa suna kwafi yake bayarwa, saɓanin abin da aka gani a misali na biyar.

JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a kamfanin Netscape, ya bi akasin wannan hanya. A tsarinsa na asali, idan aka yi zubi ga sunan da ba a gabatar ba a cikin ɗan aike, sai sunan ya zama na gari. Watau ɗan kamashon da ya manta takardarsa sai ya yi lissafinsa a kan allon bango. Idan 'yan aike biyu suka yi amfani da suna ɗaya wajen ƙidaya, ɗaya yana kiran ɗaya, sai na ciki ya ɓata wa na waje lissafi. An kawo tsattsauran tsari a 2009 wanda yake mayar da irin wannan zubi kuskure, sa'an nan a 2015 aka ƙara kalmomin let da const masu ƙunƙuntar hurumi. Lua ma haka yake, kowane suna na gari ne sai an sa masa local. Perl ya sami kalmar my ta mazubin gida a fitowarsa ta biyar a 1994.

Bash kuma yana da nasa tarkon. Sunayensa na gari ne, amma idan aka turo layukan fayil ta bututu zuwa cikin zagayen da ke cika jeri, to a bisa al'ada zagayen yana gudana ne a cikin wani ɗan tafinta dabam wanda aka ba kwafin kome. Zai cika kwafinsa tsaf, ya mutu da shi, jerin asali kuwa ya zauna wayam.

7.0 ASALIN AL'AMARIN

Raba sunaye gida-gida ya girmi duk waɗannan harsuna. FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, ya sami hanyar raba rubutu sassa-sassa a fitowarsa ta biyu a 1958, tare da wani fili na tarayya mai suna COMMON inda sassan suke ajiye abin da suka haɗa kai a kansa. ALGOL 60, wanda Peter Naur ya shirya rahotonsa a 1960, shi ne ya kafa tsarin gida cikin gida, inda sunan da aka haifa a cikin wani shinge yake mutuwa a bakin shingen.

A wancan zamani an yi hanyoyi biyu na fassara suna. A ɗauka an rubuta wasiƙa a Zariya aka ce a gai da Sarki, aka kai ta Kano aka karanta. Wane Sarki ke nan? Idan aka bi wurin da aka yi rubutun, na Zazzau ne. Idan aka bi wurin da aka karanta, na Kano ne. Hanya ta farko ita ce hurumin rubutu, wadda ALGOL ya bi. Ta biyu ita ce hurumin kira, wadda tsofaffin nau'o'in Lisp na John McCarthy suka bi. Da Gerald Sussman da Guy Steele suka fito da Scheme a 1975, sai suka ɗora dangin Lisp a kan hurumin rubutu, kuma wannan hanya ce ta yi rinjaye, domin mai karatu yana iya gane ma'anar suna ta duban takarda kurum. Amma hurumin kira bai ƙare ba, kalmar local a Bash a kansa take aiki.

A 1973 William Wulf da Mary Shaw na Jami'ar Carnegie Mellon suka buga wata gajeriyar maƙala suna sukar mazubin gari. Jigon hujjarsu shi ne, abin da kowa zai iya taɓawa, babu mai iya sanin wanda ya taɓa shi sai ya karanta rubutun duka.

8.0 ƁARNAR DA TAKE BIYO BAYA

Tarihin PHP ya gaskata wannan magana. A da harshen yana da wani tsari mai suna register_globals, wanda yake ɗaukar duk abin da mai ziyara ya rubuta a adireshin shafi ko a fom ya mayar da shi mazubin gari kai tsaye. An yi haka ne don sauƙi. Amma a ɗauka rubutun yana da mazubi mai suna izini, wanda ake zuba wa gaskiya idan kalmar sirri ta yi daidai, kuma mai rubutu bai zuba masa ƙarya tun farko ba. Ɓarawo sai ya ƙara izini=1 a ƙarshen adireshi, ƙofa ta buɗe masa. Kamar a ce an kafa allon tasha a bakin titi, an ajiye alli a gefensa, kowane mai wucewa ya sa motarsa a gaba. An kashe wannan tsari a matsayin zaɓin asali a PHP 4.2 a 2002, aka cire shi ɗungum a PHP 5.4 a 2012.

Matsalar ba ta tsaya ga harsunan umarni ba. A 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka ta saurari ƙara a kan hatsarin wata mota ƙirar Toyota Camry wanda ya faru a 2007, inda mace guda ta rasu. Masanan da suka yi shaida a ɓangaren masu ƙara, Michael Barr da Philip Koopman, sun soki manhajar da ke sarrafa injin, kuma daga cikin abin da aka ambata akwai mazuban gari kimanin 10,000. Binciken hukumar NASA na 2011 bai gano wata matsalar lantarki da ta haddasa irin wannan gudu ba, amma duk da haka kotun ta ɗora wa kamfanin alhaki da diyyar dala miliyan 3. Abin lura shi ne, rubutun da ya tara alluna dubbai waɗanda kowa yake taɓawa, da wuya wani ya iya rantsuwa a kan lafiyarsa.

Ga ɗalibin Hausa kuwa, ɓarnar tana zuwa ne a sigar da ta fi wannan laushi. A ɗauka yana son kwatanta yawan kalmomin aro na Larabci a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda duka suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Ya rubuta ɗan aike mai tara kalmomi a jeri na gari, ya kira shi a kan littafi na farko, ya share jerin irin sharar misali na biyu, sa'an nan ya kira shi a kan littafi na biyu. Lissafin littafi na biyu zai ƙunshi na farko a cikinsa. Lambobin za su fito tsaf, a zana musu jadawali, a gina babi guda a kan cewa marubuci na biyu ya fi na farko aron Larabci. Malamin da ke duba kundin ba shi da hanyar ganewa sai in ya zauna ya ƙidaya da hannu.

9.0 RIGAKAFI

Hanya mafi aminci ita ce a ba ɗan aike duk abin da yake bukata a hannu, shi kuma ya dawo da amsa a hannu, kada ya taɓa allon kowa.

Misali na 8:

    def tattara(rubutu):
        kalmomi = []
        for kalma in rubutu.split():
            kalmomi.append(kalma)
        return kalmomi

A nan jerin kalmomi ɗan gida ne da gangan. Kowane kira yana farawa da sabo, don haka littafi ba zai gauraya da littafi ba.

Wannan ba ya nufin mazubin gari haramun ne. Ya dace da abin da kowa yake karantawa amma babu mai sakewa, kamar jerin wasulan Hausa ko na baƙaƙe masu ƙugiya, ko kuɗin mota da aka tsayar. Idan kuwa lalle ne a sami jeri na gari mai sauyawa, to a yi masa ƙofa ɗaya, watau ɗan aike guda ko biyu su kaɗai ke rubutu a kansa, kamar yadda tasha mai tsari take da magatakarda ɗaya mai riƙe da rajista. Haka kuma a guji ba ɗan gida sunan da na gari yake da shi, a zuba wa kowane mazubi abin farawa tun kafin a yi amfani da shi, a kuma kunna tsattsauran tsari a harsunan da suke da shi, kamar Perl da JavaScript.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ko wanda bai iya rubutun ba zai iya nema a yi a gabansa. A ba manhajar rubutu ɗaya sau biyu a jere, a ga ko amsar ta zo ɗaya. Sa'an nan a juya jerin littattafan, a fara da na ƙarshe. Idan lissafi ya sauya saboda an sauya wanda ya riga wani, to akwai allon da ba a goge ba.

10.0 KAMMALAWA

An ga cewa hurumin suna a harsunan umarni yana bin ƙa'idar da Bahaushe yake bi kullum, ta fara neman mai suna a kusa kafin a nema a nesa. An ga kuma cewa yawancin kurakuran da ake yi da jeri na gari sun taso ne daga rashin bambance abubuwa biyu, watau rubutu a kan allo da kuma mayar da sunan allo kan wani. Python yana barin a karanta na gari amma yana mayar da zubi na gida, PHP ba ya nuna na gari sai an nema, JavaScript na asali da Lua kuwa suna kai zubin da ba a gabatar ba gari. Saboda haka ya kamata duk manazarcin da zai dogara da lissafin kwamfuta a bincikensa ya yi wa kowane suna da ke cikin rubutunsa tambayoyi uku: a ina aka raɗa shi, wa yake ganinsa, kuma wa yake da ikon sake shi. Ya kamata kuma malamai masu duba kundaye su riƙa neman a haɗa rubutun umarnin a ƙarshen kundi, yadda ake haɗa jerin mutanen da aka yi hira da su, domin wani ya iya maimaita ƙidayar ya tabbatar.